Mai shanyewar ɓarin jiki da ya daina lura da hagunsa: asibiti, mai gashi a gida, ko horon iyali?

Ranar da aka sallamo kawuna daga asibiti, bayan bugun jini ya taɓa masa ɓarin hagu, hamdala muka yi ta yi, domin bakinsa bai karkace sosai ba, maganarsa ras, duk wanda ya shigo zai kira sunansa. Ba a yi kwana uku ba Inna ta fara ƙorafi. A kai masa tuwo, sai ya cinye gefen dama na malmala ya ce a ƙaro, ga rabi nan a kwano ko taɓawa bai yi ba. A juya masa kwanon, ya ci gaba da ci kamar yanzu aka kawo. Ka tsaya ta hagunsa ka yi sallama, ya amsa yana waige-waige ta dama yana neman mai magana. Da ya zo alwala, hannun dama kaɗai ya wanke, ya shafi rabin fuska. Wani ya ce ido ne, a kai shi asibitin ido na ECWA ko na Makka. Wani ya ce kunne. Gwaggo kuwa ta ce shafar iska ce, ba aikin asibiti ba ne.

Daga nan gardamar ta koma kan hanya da kuɗi: a riƙa kai shi gashi asibiti (wato fisiyo, motsa gaɓoɓi), a ɗauko mai gashi ya riƙa zuwa gida, mu koya mu yi da kanmu, a nemi na gargajiya, ko a haɗa kuɗi a fitar da shi Masar. Gidan da ke cikin irin wannan gardamar nake yi wa wannan rubutu.

Abin da ke damunsa tukuna

Ni gafalar gefe nake kiran abin, domin idon lafiya lau yake, kunnen ma haka. Hankali ne ya janye daga gefe ɗaya na duniya. An fi ganinta, kuma ta fi tsanani da daɗewa, idan bugun ya sami ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa. Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne ɓangaren dama yana lura da gefe biyu, na hagu kuwa ya fi lura da dama kawai. In na hagu ya lalace, na dama ya rufa asiri. In na dama ne ya lalace, hagu ta rasa mai tsaro. Tun da kuma cibiyar magana a ɓangaren hagu take ga yawancin mutane, sai ka ga marar lafiya yana zuba hira, dangi su ɗauka ƙwaƙwalwarsa ba abin da ya taɓa ta. Kusan ɗaya cikin uku na masu bugun jini kan nuna wannan alama a farkon ciwon.

Akwai wata lalura da ake rikita ta da wannan: yankewar rabin gani, inda hanyar gani ce a cikin ƙwaƙwalwa ta lalace. Mai wannan galibi ya san akwai abin da ba ya gani, shi ya sa yake juya kai da kansa ya nemo. Mai gafala bai san ya rasa komai ba. Wani ma har ya musanta cewa hannunsa ya shanye. Likitan Faransa Joseph Babinski ne ya raɗa wa wannan musun suna a 1914. A 1978 kuma, a Milan ta Italiya, masana Bisiach da Luzzatti suka sa marasa lafiya su tuno babban dandalin garin kamar suna tsaye a gefe ɗaya, suka lissafo gine-ginen dama suka bar na hagu. Da aka ce su ɗauka sun koma ɗaya gefen, sai suka lissafo waɗanda suka bari da farko. Kamar ka ce wa mutum ya tuno Kantin Kwari ne, ya kawo maka layukan hannu ɗaya kawai. Ke nan ba tabarau ne maganin ba, ko da yake gwajin ido yana da amfani, domin wasu suna haɗa lalurorin biyu.

A wurinmu abin yana da wurin ɓuya. Mun saba ci da dama, miƙa abu da dama, gaisawa da dama. Dattijon da bai taɓa hannun hagunsa ba yini guda, ba wanda zai ga baƙon abu. Gwaji mai sauƙi: ku zana layuka ƙanana barkatai a faɗin takarda, ku ajiye ta daidai tsakiyar ƙirjinsa, ku ce ya soke kowanne. Ko ya zana agogo, ku ga ko lambobin za su cunkushe a dama. Ku ba shi jarida, zai fara daga tsakiyar layi. Ku ba shi Alƙur'ani, zai fara daidai, tun da daga dama ake farawa, amma zai bar ƙarshen layi ya sauko na ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ya gamsar da Gwaggo, domin Kawu mahaddaci ne, bakinsa na cike ayar da ka, yatsansa kuwa bai taɓa isa ƙarshen layi ba.

Gafalar ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Riƙe hankali gaba ɗaya yakan yi rauni: minti kaɗan ya gaji, ƙaramin motsi ya ɗauke masa tunani, ba ya iya tafiya yana magana a lokaci guda.

Ma'aunin da za ku ɗora kowane zaɓi a kai

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin ganin likita kaɗai ba. Ku haɗa da na adaidaita sahu ko mai, da yinin wanda ya rufe shago ya yi rakiya. Ban sa adadi ba da gangan, domin farashin da na biya ba shi za ku tarar ba. Ku tambayi na zama ɗaya, ku ninka shi da wata uku, shi ne ainihin kuɗin.

Na biyu ɗorewa, ta fuska biyu: za ku iya jurewa wata uku zuwa shida, kuma abin da ya koya zai bi shi har banɗaki da bakin titi, ko a teburin gwaji zai tsaya? Mafi yawan sauƙin da ke zuwa yana zuwa ne a cikin wata ukun farko. Duk zaɓin da zai cinye muku waɗannan makonni a jira, ya yi tsada ko kyauta ne.

Na uku sauƙi, ga marar lafiya da ga mai jinya. Na huɗu haɗari: faɗuwa, ƙuna, gocewar kafaɗa, shaƙewa, da barin maganin hawan jini.

Akwai na biyar da na fi ba nauyi: shin wanda za ku ba amanar ya san da wannan lalura, kuma sau nawa a rana tsarin nasa ke sa marar lafiya ya juya hagu? Da yawa ana biyan kuɗin motsa hannu da ƙafa, a bar abin da ke sa mutum ya yi karo da ƙyauren ƙofa.

Gaskiya guda kafin a ci gaba, don kada wani ya sayar muku da tabbas. A 2021 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 65 da suka ƙunshi mutum 1,951 kan hanyoyin magance gafalar gefe ba da ƙwaya ba, ta ce hujjar da ake da ita ba ta kai a ce wata hanya ta tabbata tana kawo sauƙi mai ɗorewa a harkokin yau da kullum ba. Wannan ba ya nufin a naɗe hannu. Yana nufin duk wanda ya ce muku yana da na'ura ko magani mai warkarwa cikin sati biyu, ku riƙe aljihunku.

Zuwa gashi asibitin gwamnati

Kano ba ta rasa wurin zuwa ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, inda ake da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya, kuma nan ɗaliban fisiyo na Jami'ar Bayero ke koyon aiki. Akwai Asibitin Murtala a cikin gari, da na Muhammad Abdullahi Wase a Nassarawa, da Asibitin Ƙashi na Dala.

Babban abin da asibiti ya fi kowa da shi shi ne tantancewa. A nan ne za a haɗa hoton ƙwaƙwalwa da gwajin takarda da gwajin gani, a bambance gafala da yankewar rabin gani, a duba haɗiya, a daidaita maganin hawan jini da na suga. Ƙwararru suna da ma'aunai na musamman, kamar ma'aunin Catherine Bergego mai abubuwa 10, wanda ke duba yadda mutum ke ado, sa kaya, ci, da karo da abubuwa. Irin wannan ya fi gwajin takarda faɗin gaskiya, domin akwai mai cin gwajin layuka amma ya fita ya bugi bango.

Kuɗin zama ɗaya ya fi na asibitin kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma mai inshorar lafiya ta tarayya, NHIA, ko ta jiha, KSCHMA, ya tambaya ko gashin na cikin abin da ake biya masa. Inda kuɗin ke zurarewa shi ne hanya. Ɗauko mai shanyewar ɓari daga Kurna ko Rijiyar Zaki ko Hotoro sau biyu a mako, mutum biyu na riƙe da shi, a shata, a zauna layi, a dawo bayan azahar, wannan aiki ne. Ga mai raunin riƙe hankali, kafin layi ya zo kansa ya riga ya gaji, sai ya shiga ɗakin gashi da ragowar kuzari. Yajin aiki kuma in ya zo, ya katse zaren. Iyalai da yawa suna farawa da zafi, mako na biyar su daina.

Wani giɓin shi ne ƙarancin masu koyar da ayyukan yau da kullum, waɗanda ake ce wa O.T. A ƙasashen da ke da su da yawa, su ne ke ɗaukar nauyin gafalar gefe. A Najeriya ba su da yawa, don haka aikin kan faɗa hannun masu fisiyo, su kuwa layinsu dogo ne, hankalinsu na kan tsayuwa da tafiya. Sai kun buɗe baki. Ku ce: "Likita, ba ya lura da hagu, yana barin rabin abinci, a duba mana wannan kuma a nuna mana abin da za mu yi a gida." In za a shiga adaidaita, ku zaunar da shi yadda hannun hagu ba zai leƙa waje ba, domin shi ba zai janye shi ba.

Mai gashi ya zo gida

Wannan shi ne mafi daɗi ga jiki, mafi ciwo ga aljihu cikin zaɓin da ke cikin gari. Ribarsa ga mai gafala ta wuce hutun hanya. Wanda ya zo gida zai ga dokin ƙofar da ake tuntuɓe da shi, da inda buta take, da ta wane gefe gadon ya jingina da bango. Abin da aka koya a inda za a yi amfani da shi ya fi zama, kuma matsalar wannan lalura ke nan tun asali: horon ba ya saurin bin mutum daga wani wuri zuwa wani.

Haɗarin yana wurin zaɓen mutum. Ba duk mai farar riga da jaka ne ƙwararre ba. Hukumar MRTB ce ke yi wa masu fisiyo da masu O.T. rajista a Najeriya, kuma ba rashin kunya ba ne ku nemi ganin lasisi. Mu mun taɓa ɗauko wani, ba zan kama suna ba, da ya yi mako biyu yana zuwa yana murza hannu da man zafi yana jona wata na'ura mai tsirawa, kullum yana zaune ta dama domin ta nan Kawu ke kula shi. Bai taɓa tambayar yadda yake cin abinci ba. Tambaya ɗaya ta isa ku tace: "Yaya za ka yi da rashin lurarsa da hagu?" In ya ce zai tafi da kansa in hannu ya yi ƙarfi, ku sallame shi da mutunci.

Ɗorewarsa ta rataya ne a kan kuɗi. Shawarata, kada ku saye shi kullum na mako biyu kuɗi ya ƙare. Ku saye shi sau ɗaya ko biyu a mako na tsawon watanni, a matsayin malamin da ke koya wa 'yan gida, yana dawowa ya duba aikin.

Horon gida a hannun iyali

Nan zan daɗe, domin kowane zaɓi kuka ɗauka, a nan yawancin sa'o'in marar lafiya suke. Zaman asibiti biyu a mako bai wuce sa'a biyu ba cikin sa'o'i 168.

Tushen horon tsoho ne. Tun shekarun 1970 masana Diller da Weinberg da abokan aikinsu a Niyok ta Amurka suka tsara koya wa marar lafiya ya riƙa kai dubansa har ƙarshen hagu da gangan, ana sa jan layi a gefen takarda ya zama alamar da zai nemo kafin ya fara karatu. A gida, jan zare ko jan tef ya wadatar. A jarida ku manna shi a gefen hagu, ya nemo shi kafin ya fara layi. A Alƙur'ani ku shimfiɗa jan zaren a gefen hagu na shafi, ƙa'idar ita ce ba a saukowa sai yatsa ya taɓa ja. Mu da muke kwatanta masa, fankar tsaye muka ɗauko: "Kawu, a yi irin na fanka, a je dama a dawo har hagu." Kalmar fanka ta zama tunatarwa, ta fi "duba hagu" da ake ta maimaitawa har ta gundure shi.

Ayyukan da suka fi aiki su ne waɗanda ya saba da su kuma suke da faɗi. Tsintar wake a babban tire. Baza 'ya'yan carbi ko murafan kwalba a tabarma a ce ya tattaro 33, in ya samu 20 ya san akwai saura. Dara da ludo, ana zaune ta hagunsa. Ga Hajiya, jera kwanuka ko naɗe kaya. Ƙirga yana da sirri: tun da bai jin ya rasa komai, lamba ce ke gaya masa, ba gardamar ɗansa ba. Alwala ita ce horon da ya fi kowanne, domin tana zuwa sau biyar, tana da jeri da ya haddace tun yarinta, kuma kowace gaɓa tana da dama da hagu. Sallama ta biyu ta idar da salla ma, ga mai yin ta, juya wuya ce zuwa hagu. Ku tsaya kusa, ku bar shi ya fara, in ya tsallake ku taɓa gwiwar hannun hagun ku yi shiru.

Hanya ta biyu ita ce motsa gaɓar hagu a gefen hagu, wadda Ian Robertson ya yi bincike a kanta a farkon shekarun 1990. Ko yatsa ɗaya ke motsi, a sa ya motsa shi kafin a fara ci ko tafiya. In ba ya motsi sam, ya kamo hannun da na dama ya ɗora a kan tebur inda zai gan shi.

Tsarin ɗaki yana buƙatar hankali. Masu zuwa dubiya, rediyo da talabijin su koma hagu, don su ja shi can. Amma ruwan sha, waya, da abin kiran mutane da dare su tsaya dama har sai ya fara nemowa, kada horo ya zama horon yunwa. Batun 'yan dubiya kuwa, mun san Kano: ɗaki ya cika, kowa na jefo "ya jiki", rediyo na yi, yara na shiga da fita. Ga mai raunin riƙe hankali wannan kasuwa ce. Lokacin horo a kashe komai, mutum ɗaya ya yi magana, minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana, an fi samun kansa da safe.

Kuɗi kusan babu. Abin da ake biya shi ne haƙuri, kuma galibi mace ɗaya ce ke biya, mata ko 'ya ko suruka. In ba a raba aikin ba, wata guda ta gaji, faɗa ya fara: "Da gangan yake yi." Ba da gangan ba ne. Ku rubuta jadawali a bango, har jikoki a ba su nasu, su ne ma suka fi iya sa kaka wasa.

Haɗarin horon gida shi ne yin sa ba jagora. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa na gocewa ta bar ciwo na watanni. A keken guragu a duba kada hannun ya faɗa cikin taya. Da hunturu a nisanta kaskon wuta da ruwan zafi daga hagunsa. Bayan cin abinci a duba kuncin hagu, abinci na maƙalewa a can. Tuƙin mota, babur ko adaidaita babu shi sai likita ya gwada ya yarda. Tsallaka titi shi kaɗai ma haka: tun 1972 a hannun dama ake tuƙi a Najeriya, ke nan motar farko da za ta iske mai tsallakawa ta hagunsa take fitowa, daidai inda hankalinsa ba ya zuwa.

Tabarau, madubi da waya

A 1998 Yves Rossetti da abokan aikinsa a Liyon ta Faransa suka wallafa gwajin tabarau mai gilashin firizim da ke karkatar da gani digiri 10 zuwa dama. Marar lafiya ya sa, ya yi ta nuna wani ɗigo da yatsa, da farko yana kuskurewa, ƙwaƙwalwa na gyarawa. In an cire, sai nunin ya karkata hagu, gafalar ta ragu na wani lokaci. Dabara ce mai kyau, zaman gajere ne, ba ta kuma buƙatar mutum ya yarda yana da matsala. Sai dai gwaje-gwajen da suka biyo baya sun saɓa wa juna, wasu sun amfana wasu ba su ga komai ba. Ba tabarau ne na yawo ba, ba kuma wanda mai gilashin kasuwa zai yanka muku ba. In ƙwararren da ke duba shi yana da shi kuma ya iya, ku gwada. Ban ga dalilin sayar da fili a yi odarsa ba.

Madubi ya fi arha: a tsayar da shi a tsakiyar jiki, ya kalli hoton hannun dama yana motsi kamar na hagu ne. Hujjarsa ta fi ƙarfi wajen motsin hannu. Wasu masu gafala madubi na rikita su, har su kai hannu cikin gilashin, don haka a fara a gaban ƙwararre. Rufe rabin dama na gilasan tabarau ma ana yi, amma a zaune kawai. Wasannin waya su ne na ƙarshe a wurina: fuskar waya tafin hannu ce, ba ta sa wuya ya juya.

Na gargajiya da na malamai

Addu'a da tofi ba sa karo da komai a nan, suna kuma kwantar da hankalin marar lafiya da na gida. Malamin ma ya zauna ta hagu. Inda haɗari yake wurare huɗu ne: a ce a ajiye maganin hawan jini, alhali hawan jini ne babban mai jawo bugun jini a ƙasar nan, kamar yadda binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana ya nuna; gashi da ruwan zafi ko hayaƙi a gaɓar da ba ta ji sosai; ɗura rubutu ko jiƙo ga wanda ke shaƙewa; da ƙaho ko tsaga ga mai shan maganin tsinka jini. Kuɗin ma ba ƙarami ba ne in an tara, domin kwalba-kwalba ake saye. Babu abin sha ko na shafawa da ke koya wa mutum duba hagu.

Fita waje

Masar da Indiya suna da cibiyoyin da ake kwantar da mutum a yi masa horo kullum, fisiyo da O.T. da mai duba tunani a wuri guda. Wannan riba ce ta gaske. Amma da dala ake biya, har da tikiti da masaukin mai rakiya, sai likita ya amince da hawa jirgi, kuma makonnin haɗa kuɗi da neman biza daga cikin wata ukun nan masu daraja ake cire su. Horon da baƙon harshe ko ta bakin tafinta yana wahalar da mai raunin hankali. Bayan makonni kaɗan kuma gida za a dawo, ga dokin ƙofar nan yana jira.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Asibitin gwamnati | Zama da arha, hanya da tsada | Yakan yanke saboda wahalar zuwa | Da wuya | Gajiya, a manta da gafalar |
| Mai gashi a gida | Da tsada | Gwargwadon aljihu | Mafi sauƙi | Faɗawa hannun marar lasisi |
| Horon iyali | Kusan babu | Mafi ɗorewa in an raba aiki | Yana cin haƙuri | Kuskure ba jagora, gajiyar mai jinya |
| Firizim da madubi | Madubi arha, firizim tsada | Ba tabbas | Sai da ƙwararre | Rikicewa, ɓarnar kuɗi |
| Gargajiya | Kaɗan-kaɗan har ya taru | Ba ya horar da lura | Da sauƙi | Ƙuna, shaƙewa, barin magani |
| Fita waje | Mafi tsada | Gajere | Da wuya ƙwarai | Jinkiri, bashi |

Wanne ya dace da wa

In yanzu aka sallamo shi kuma ba wanda ya gwada lurarsa, ku koma asibiti a wannan makon a tantance, kome za ku zaɓa daga baya.

In kuɗi ya yi ƙaranci amma gida da mutane, horon iyali ne jigonku, da zuwa asibiti lokaci-lokaci a duba ci gaba a gyara muku hannu. Wanda zai yi horon shi ne zai yi rakiya, ya ɗauki abin da aka nuna a waya in an ba shi izini.

In akwai hali amma kowa na wurin aiki, ko marar lafiya mai jiki ne da ɗaukarsa ke buƙatar ƙarti biyu, ko gidan na can nesa, ku ɗauki mai lasisi ya riƙa zuwa, da sharaɗin ya koya wa wanda ke yini da shi, ko da ɗan aiki ne.

In jikinsa ya yi ƙarfi yana tafiya da ƙafarsa amma yana karo da abubuwa, shi ne ya fi kowa shiga haɗari, domin zai nemi makullin mota ya ce kasuwa za shi. Wannan O.T. yake buƙata in an samu, da horo a kan titin unguwa da rakiya, makulli kuma ya koma hannun wani.

In an wuce wata shida gafalar na nan, ku nemi ƙwararre ya sake aunawa. Nan ne gwada firizim ke da ma'ana, nan ne kuma za a gyara gida ya dace da shi: jan tef a gefen hagu na ƙofofi, hanya ba tarkace, kwano mai juyuwa.

Fita waje ta dace da wanda kuɗin ba zai girgiza gidansa ba, zai iya tashi ba jinkiri, kuma ya riga ya shirya wanda zai karɓi horon ranar da aka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano.

In kuwa ana cikin haka baki ya sake karkacewa, magana ta sarƙe, ko wata gaɓa ta saki farat ɗaya, a bar duk wannan lissafi a nufi sashen gaggawa nan take, kada a ba shi asfirin ko wani abin sha kafin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.